ƘULLIN LEDA KO BUTA: INA KUƊIN SHAYIN MA'AIKACI KE SHIGA?

Duk wanda ya yi sammako a Ƙauran Namoda cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba a hangen ƙarshen titi, abin da zai fara cin karo da shi a bakin tashar mota shi ne hayaƙin masu shayi. Ga tebur an jera gwangwanayen madara bisa juna kamar ginin soro, ga burodi a gefe, ga ƙatuwar tukunya bisa murhu tana tafasa tun kafin kiran assalatu. Direbobin da za su Gusau da 'yan kamasho da leburori da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk suna bisa benci ɗaya, kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya sake shi ne igiyar da aka ɗaura daga wannan sanda zuwa waccan a saman teburin, wadda jerin ƙulle-ƙullen leda masu launi iri iri ke reto a jikinta: na gahawa, na garin madara, na Milo, kowanne an auna shi daidai cikin kofi ɗaya, na mutum ɗaya.

Tambayar da igiyar nan ta jawo ƙarama ce a ido, amma ta shafi aljihun duk mai karɓar albashi, da duk ɗalibin da ke jiran abin da za a aiko masa daga gida. Shin ya fi riba mutum ya riƙa sayen ƙulli ɗaya kowace safiya, ya yage, ya juye a ruwan zafi, ya sha ya kama gabansa, ko kuwa ya daure ya sayi gwangwani da ganye da sukari a farkon wata, ya riƙa ɗora buta? Tun daga watan Yuli na 2024 dokar ƙasa ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata. A ƙaddara abin da ƙaramin ma'aikaci ke kashewa wajen ruwan zafin safe, ban da burodi, Naira 300 ne. In aka buga wannan cikin ranakun aiki 22 zai kama Naira 6,600, watau ya doshi ushirin albashin nan ke nan, tun ba a taɓa hatsi ba, ba a taɓa kuɗin haya ba. Abin da ke cin ushirin albashi kuwa ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

GARDAMAR TURAI DA AMURKA

Ba a ƙasar nan kaɗai ake wannan gardama ba, sai dai a can kamanninta dabam ne. A 1976 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eric Favre, wanda ke aiki a kamfanin Nestlé, ya ƙago wata dabara: a zuba niƙaƙƙiyar gahawa cikin wani ɗan ƙwanso da bai kai girman ƙwan kaza ba, a liƙe bakinsa, sa'an nan a jefa shi cikin na'ura ta huda shi, ta turo ruwan zafi da ƙarfi ta cikinsa. Kafin minti guda kofi ya cika, babu wankin tukunya, babu awo. An fito da wannan kasuwa a 1986 da sunan Nespresso. A Amurka kuma wani kamfani mai suna Keurig ya fito da irin nasa a 1998, ya fara da ofisoshi, daga baya ya mamaye gidaje.

Da abin ya bunƙasa sai masu lissafi suka ɗauko alƙalami. Ƙwanson Nespresso ɗaya gahawar da ke cikinsa giram 5 ce zuwa 6, watau sai an yage kamar guda 200 kafin a tara kilo ɗaya. A 2012 jaridar New York Times ta buga lissafin, ta nuna cewa mai shan gahawar ƙwanso yana biyan kimanin dala 50 ne a kan kowace laba, alhali kuwa gahawa mai daraja ta kanti ba ta kai rabin haka ba. A 2015 John Sylvan, mutumin da ya ƙago ƙwanson Keurig, ya shaida wa mujallar The Atlantic cewa shi kansa ba ya da na'urar a gidansa saboda tsadarta, kuma wani lokaci yakan yi da-na-sanin abin da ya ƙirƙiro saboda tulin sharar da ya haifar. A 2016 hukumar birnin Hambog na Jamus ta hana a sayi irin wannan gahawa da kuɗin jama'a don ofisoshinta. Dalilinta kuwa shi ne ana naɗe giram 6 na gahawa cikin giram 3 na ƙwanso wanda ke da wuyar sake sarrafawa.

Har an ɗauka magana ta ƙare, sai a farkon 2023 waɗansu masana na Jami'ar Kwibek da ke Chicoutimi a Kanada suka fito da wani binciken da ya dama lissafin. Suka ce mai dafa tukunya guda yakan zuba gahawa fiye da bukata, ya tafasa ruwa fiye da bukata, ya bar wuta a kunne don kada ta huce, daga bisani kuma ya zubar da saura. In aka haɗa wannan ɓarna duka, in ji su, sai a ga tukunyar ta fi ƙwanson gurɓata iska, kuma garin gahawa mai narkewa a ruwa, irin wanda aka sani a nan, shi ya fi kowa sauƙin ɓarna muddin an auna daidai. Ashe dai tukunya ba ta da araha sai an shanye abin da ke cikinta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar ta rataya.

Ita dai na'urar ƙwanso, a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Tana jan wuta fiye da wat 1,200, ƙaramin janareton da masu shago ke kunnawa kuwa bai kai wat 1,000 ba, ko kusa ba zai ɗauke ta ba. Ƙwanson daga ƙasashen waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa, dalar da ke kusan Naira 460 a hukumance cikin watan Mayu na 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Babban jami'in da ya dawo da ita daga taro a Abuja ko Dubai, ranar da kwalin da ya zo da shi ya ƙare, ranar ta zama kayan ado a bisa kabad. Ƙwanson mutanen arewacin Zamfara shi ne ƙullin leda.

ƘULLI BA BAƘO BA NE

Sayar da abu a ɗan ƙulli ba Bature ne ya koya wa Bahaushe ba. Tun kafin a san leda, mata a cikin gidajen Zurmi da Shinkafi suna ɗora wa 'ya'yansu tallan gishiri da daddawa da kuka da barkono a ƙulle, na anini, na ɗari, na kwabo. Man gyaɗa da cokali ake aunawa. Wanda samunsa na yini ne, cefanensa ma na yini ne. Abin da kamfanoni suka yi kawai shi ne ɗaukar tsohuwar al'adar nan su sa mata inji.

Shayin kansa ta ƙofa biyu ya shigo. Ɗaya ta arewa ce, ta hannun Larabawa da Buzaye masu ratsa hamada, kuma daga bakinsu aka ari sunan, kamar yadda aka ari kalmar gahawa. Ɗayar kuwa ta kudu ce. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, a nan kuma ya tsaya. Taragun da suka gangara kudu da gyaɗa da auduga ba su dawo wofi ba, sun dawo da atamfa da kananzir da sukari mai ƙwaya da madarar gwangwani da ganyen da Turawa ke kira ti. Ma'aikatan jirgi da akawunan kanti da 'yan makarantar kwana su suka fara sabawa. Talaka dai yana nan da kokonsa da kununsa da ɗumamensa, in barci ya dame shi ya ɓare goro.

Madarar Peak ta fara shigowa Nijeriya a 1954, amma sai bayan rahoton Udoji na 1974, da aka juye wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, gwangwanin madara da na Bournvita suka zama alamar gidan ma'aikaci. Daɗin bai daɗe ba. A 1984 sai da aka riƙa bin dogon layi don samun madara da sukari da sabulu, a 1986 kuma shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar Naira, gwangwani ya fi ƙarfin masu ƙaramin albashi. A wannan giɓi ne Cowbell ta shigo a 1993. Kamfanin da ke yin ta, wanda Robert Rose ya kafa a ƙasar Zayar a 1979, ya cire kitsen nono ya sa man itatuwa a madadinsa don garin ya jure zafi ba tare da firiji ba, sa'an nan ya zuba shi cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ko yaro zai iya saye da kuɗin tara. Sauran kamfanoni da suka yi wa abin dariya da farko, ba a daɗe ba suka bi sahu.

ABU UKU NE, BA ƊAYA BA

Kuskuren da akan yi shi ne a haɗa duk abin da ke rataye a igiyar mai tireda a yanke masa hukunci ɗaya. Ba haka abin yake ba.

Akwai zallar garin gahawa, irin Nescafé, wadda aka fara fitarwa a Suwizalan a 1938 bayan da ƙasar Birazil ta rasa yadda za ta yi da rarar gahawarta, kuma wadda ake sarrafa ta Afirka ta Yamma a Abijan. Ƙaramin gwangwaninta giram 50 ne. Ƙaramin cokali ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 2, saboda haka gwangwani ɗaya kofi 25 ne. Lissafin ba shi da wuya: a raba kuɗin gwangwani gida 25, a kwatanta da kuɗin ƙulli ɗaya. Wanda ya gwada sau da yawa zai tarar ratar ba ta kai yadda ya zata ba, domin shi ma gwangwanin ƙarfe ne, ba kyauta ake ba da shi ba. Inda kuɗin ke zurarewa shi ne wajen sayen ɗai-ɗai. Tun da kwabbai suka ɓace daga kasuwa, ƙananan takardun kuɗi kuma suka yi wuya, farashin mai tireda ba ya tafiya sai da tsalle: abin da ya kamata ya tsaya a Naira 70 sai ya zama 100, don babu canji. Wanda ya sayi jeri guda a wurin 'yan sari ya tsira daga wannan tsalle, alhali ledar dai ita ce. Banda haka ƙulli yana da wata fa'ida da damina, lokacin da raɓa ke shiga gwangwanin da aka buɗe ta mai da garin dunƙule kamar ƙanzo.

Na biyu shi ne wanda ake kira uku-cikin-ɗaya, watau gahawa da madara da sukari a haɗe. A nan ne ɓeran yake. Ƙa'idar rubutun jikin kayan abinci ita ce a fara ambaton abin da ya fi yawa, a ƙare da wanda ya fi ƙaranci. Duk ɗalibin da ya juya bayan ledar ya karanta zai ga sukari ne a sahun gaba, sai farin garin da ke tsayawa a madadin madara, gahawar kuwa da aka yi sunan da ita ita ce 'yar autar ukun. Ke nan mai saye yana biyan kuɗin gahawa ne a kan sukarin da ake aunawa da mudu a kasuwar Ƙaura. Bugu da ƙari an ƙwace masa ikon awo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da baligi ke ƙarawa cikin abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Wanda ke riƙe da cokalinsa yana iya ragewa ranar da likita ya ja masa kunne. Wanda ke yage leda ba ya da ta cewa. Kuma sanin kowa ne cewa da yawa ba su tsayawa nan, sai sun ƙara ƙwaya biyu ko uku a bisa wanda kamfani ya riga ya zuba.

Na uku shi ne ganyen shayi mai zare, wanda kowa ke kira Lipton ko da wane kamfani ya yi shi. Kowace 'yar jaka giram 2 ce, kwali mai guda 25 giram 50 ke nan. Abin da ke ciki dagargajajjen ganye ne, don ya yi saurin sakin launi, shi ya sa tsoma ɗaya yake bayarwa, na biyu sai lami. Ganyen awo kuwa, ko na waje ko wanda ake nomawa a Kakara bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ba a biya masa kuɗin takarda da zare da kwali ba, kuma yana jure a ƙara masa ruwa.

In ana neman alƙalin wannan shari'a, babu kamar mai shayi da kansa, tun da shi abincin iyalinsa a kan wannan lissafi ya rataya. Bai taɓa hura wuta don kofi ɗaya ba. Tukunya yake cikawa, ya watsa ganye da citta da kanumfari, wuta ɗaya ta ɗauke shi tun daga asuba har hantsi. Ledojin da ya rataya na wanda ya nema ne, kuma sai ya ɗora ribarsa a kan kowace ɗaya. Watau shi yana saye a farashin buta, yana sayarwa a farashin ƙulli, tsakanin biyun nan ne ya gina ɗaki ya yi aure.

KUƊIN WUTA

Da a ce ganye da sukari ne kaɗai abin dubawa, da buta ta ci gari ba gardama. Amma fa shayi ba ya dafa kansa. Tafasa lita ɗaya ta ruwa da hita ba ya cin fiye da kimanin kashi ɗaya cikin goma na awon wutar lantarki guda, abin da bai taka kara ya karya ba, in akwai wutar. In babu sai a koma ga murhu, a nan kuwa lissafi ya juya. Risho, wanda dā shi ne abokin gwauro da ɗalibi, ya mutu tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, daga baya kuma litarsa ta haura Naira 1,000. Janye tallafin fetur ranar 29 ga watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin dakon komai, har da gawayi da tukunyar gas. Itacen da a dā yara ke shiga daji su yo, yanzu shiga dajin Zurmi ko na Shinkafi sayar da rai ne saboda 'yan bindiga, kuma garuruwan sun cika da waɗanda suka baro ƙauyukansu, kowa na neman abin da zai hura. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a jihar, sun san yadda kayan masarufi ke yi in hanya ta toshe.

Halin gawayi shi ne ba ya san yawan masu sha. Abin da za a zuba a kurfoti a fifita har ya kama don a tafasa kofi ɗaya, kusan shi ne zai tafasa buta mai lita 2, wadda ke cika kofi 8. Gidan da ke da mutum takwas, kowane kofi ya ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin wutar. Malamin makarantar da aka turo Zurmi ya bar iyalinsa a Gusau ko Sakkwato saboda halin da hanya ke ciki, shi kaɗai zai ɗauki kuɗin wutar duka, ya haɗa da rabin sa'ar da zai ɓata yana fifita kafin ƙararrawar safe. Irin wannan mutum in ya sa ƙulli a aljihu ya tsaya wurin mai shayi ya sayi ruwan zafi, ba almubazzaranci ya yi ba. Ya sayi rabonsa ne daga wutar da mutum hamsin suka yi tarayya a kanta, kuma ko masanan Kanada ba za su ce ya yi kuskure ba.

Abin da ke raba wannan gardama wani tsohon kaya ne da ba a cika yi masa kirari ba, watau filas. Wani masani ɗan Sikotlan mai suna James Dewar ne ya ƙago shi a 1892, don ajiye abubuwa masu tsananin sanyi a ɗakin bincike, ba don shayi ba. Bango biyu ne da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, zafi ya rasa ta inda zai bi ya fita. Ruwan da aka tafasa da dare a bisa ragowar garwashin tuwo, wanda dā ma zai mutu a banza, in aka juye shi a filas mai kyau zai kai safiya da zafinsa. Matan aure sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba a rasa shi cikin kayan ɗakin amarya. Kuɗinsa sau ɗaya ake biya. Sai dai fa wannan sau ɗayan shi ne cikas, domin wanda ke da Naira 200 a hannu yau ba ya da hanyar tara na filas da gwangwani da mudun sukari a rana ɗaya, ko da ya san nan ribar take. Mai ƙaramin ƙarfi kullum shi ke saye da tsada. Abin mamaki shi ne a ga mai albashi, wanda kuɗinsa ke zuwa a dunƙule a ƙarshen wata, shi ma ya shiga layin masu sayen ɗai-ɗai, yana biyan harajin da ba a ɗora masa ba.

ABIN DA BA A FAƊA

Ko da yake akwai dalilin da ya sa yake yin haka, wanda ba a cika faɗa a fili ba don kunya. Lissafin kofi 25 a gwangwani lissafin takarda ne. A ɗakin kwanan ɗalibai inda mutum shida ke kwana, gwangwanin da aka buɗe ranar Asabar ba ya ganin Laraba. A gida kuma yaro ya san inda ake ajiye garin madara, ya kuma san yadda ake lasa a mai da murfi. Baƙo in ya yi sallama ya tarar da buta a wuta ba a tambayarsa ko zai sha, miƙa masa ake yi, baƙonka Annabinka. Ƙullin leda kuwa yana shiga aljihun riga, ba ya ƙara, ba ya ƙamshi sai an yage, kuma wanda ya gan ka da shi ya san na mutum ɗaya ne, ba zai sa rai ba. Ba shakka wani kaso na kuɗin da ake biya a kan ƙulli kuɗin katanga ne, wadda mutum ke ginawa tsakaninsa da makusantansa ba tare da ya buɗe baki ya ce a'a ba. Ba za a yi saurin zargin ɗalibin da ya yi haka ba, wanda abin da aka aiko masa dole ya kai shi ƙarshen wata. Amma magidancin da ke shan nasa a ofis a ɓoye, ya bar gida da koko babu sukari, lissafinsa ya fita daidai ne kawai don ya cire mutum bakwai daga cikinsa.

Kishiyar wannan ita ce 'yar butar Buzaye. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, wadda ta daɗe tana jawo fatake da masu dabbobi daga Nijar, ba a rasa ganinta a gindin rumfa: 'yar ƙaramar buta, murhun waya mai cin gawayi tafin hannu ɗaya, da koren ganye ɗan ƙasar Sin. Zubi ɗaya na ganye sau uku ake dafa shi. Na fari ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa cikin 'yan ƙananan kofunan gilashi har kumfa ta tashi, mutum biyar ko shida su sha. Samarin majalisa a Zurmi da Ƙaura sun ɗauki al'adar. Ta fuskar ganye babu shayin da ya kai wannan araha, ko da yake shi ma yakan ji jiki duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Yamai. Tsadarsa a wani wuri take: yana shan sukari ba kaɗan ba, yana kuma cin fiye da sa'a guda kafin a kai zagaye na uku. Makiyayin da ya sayar da sansa yana jiran la'asar yana da wannan sa'a. Akawun da jama'a ke jira a bakin tagarsa ba ya da ita, ko da yake akwai ofisoshin da ba a gaya musu haka ba.

BAYAN AN SHANYE

Gwangwani in ya ƙare bai mutu ba. Ya zama ma'auni a hannun mai sayar da gyaɗa, ya zama fitilar aci-balbal, ya zama asusun yaro, in ya tsufa 'yan gwangwan su saye shi a kilo. Ganyen buta in an juye shi a gindin shuka ruɓewa yake yi. Ledar ƙulli kuwa ba ta da mai so. Yawancinta roba ce da aka manna da siririn ƙarfe mai walƙiya, ba a iya raba su cikin sauƙi, saboda haka mai jari-bola ba ya ko kallonta. Ma'aikaci ɗaya mai yage guda ɗaya kowace ranar aiki zai zubar da 264 a shekara, in da madara dabam ne a ninka. Daga bola iska ta kwashe ta zuwa magudanar ruwa, ko kuma a kwashe ta tare da taki a kai gona da bazara, inda garma za ta yi ta tono ta shekara da shekaru. Awaki da tumaki da ke yawo a gari suna haɗiye leda, musamman mai ɗanɗanon zaƙi ko gishiri, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa mai ita na zaton ciwo ne. Mahauta sun sha ciro ta, malaman dabbobi sun sha faɗa. A yankin da akuya ita ce bankin mace, wannan ma kuɗi ne, sai dai ba wanda ya sha shayin ne ke biya ba.

Saura ofis, inda mutum shida ko takwas ke zaune ɗaki ɗaya, kowa da ƙullinsa a aljihun tebur, kowa na aiken masinja nasa aiken dabam. A takarda babu inda buta ta fi dacewa kamar nan: a yi karo-karo ranar albashi, a sayi filas babba da ganye. An sha gwadawa, an kuma sha watsewa, kuma ba a kan ganye ake ɓatawa ba. A kan madara da sukari ne, da wanda ke zuba cokali huɗu alhali kuɗinsa ɗaya da na mai zuba ɗaya, da baƙin shugaban sashe waɗanda ba su cikin karo-karon amma su ake fara ba, da kuma wanda za a damƙa wa mabuɗin kabad. Tsarin da ya fi jure wa irin wannan shi ne a yi tarayya a kan abin da tarayya ke rage wa kuɗi, watau wuta da ruwa da ganye, a bar kowa ya zo da sukarinsa da madararsa, mai gwangwani da gwangwaninsa, mai leda da ledarsa. Masinjan da ke ɗora ruwan kuma, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi a ɗakin, a cire shi daga biya, a bar masa kofinsa.